Takardar aikin da aka turo wa ƙanina

Laraba, da daddare.

Yau ban taɓuka wani abin kirki a ofis ba, hankalina duk yana kan ƙanina. Da sassafe ya kira ni, muryarsa har rawa take don murna, wai ya samu aiki a Tailan: amsa kiran kwastomomi a wani kamfanin kasuwancin intanet, masauki da tikitin jirgi duk a wuyansu. Na yi masa barka, domin na san yadda zaman jiran aiki ya ci masa rai tun da ya gama karatu. Sannan na ce ya turo min takardar in gani.

A ido dai takardar ba ta da makusa, ga tambari a sama, ga sa hannu da hatimi a ƙasa. Amma imel ɗin da ya kawo ta na Gmail ne, an rubuta sunan kamfanin an liƙa masa lambobi a baya. Kamfanin da ke da ƙarfin ɗauko ma'aikaci daga wata ƙasa ba zai rasa imel mai ɗauke da sunan shafinsa ba. Na tambaye shi yadda aka yi intabiyu. Ya ce a Telegram ne, a rubuce: yana jin Turanci? Hannunsa na da sauri a kwamfuta? Shi ke nan. Bai ga fuskar kowa ba, bai ji muryar kowa ba, kuma shi bai ma nemi aikin ba, su suka fara yi masa magana. A ƙasan takardar na tarar da abin da nake gudu. Wai ya biya kuɗin biza da na gwajin lafiya cikin awa 48 ko a ba wani gurbin, kuma da bizar yawon buɗe ido zai shiga, sai ya isa a gyara masa takardu.

Ya ce, "Yaya, ai sun ce za su mayar min da kuɗin a albashin farko."

Na ce, "Ƙanina, mai ɗaukar aiki shi ke biyan ma'aikaci. In ka ga an juya lamarin, ka dakata." Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. Yarjejeniya ta 181 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 1997 ta ce kamfanonin samar wa mutane aiki kada su caji ma'aikaci kuɗi, kai tsaye ko a fakaice.

Asarar kuɗin ma da sauƙi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, da irin wannan tallar ake kwasar matasa, a sauke su a Bankok, babban birnin Tailan, a tsallaka da su iyaka zuwa Miyanma, garuruwa irin su Myawaddy, a ƙwace fasfo, a kulle su cikin gidaje masu gadi, a tilasta musu damfarar wasu ta waya. A watan Agustan 2023 Ofishin Kare Haƙƙin Ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 120,000 na iya kasancewa cikin wannan hali a Miyanma, wasu kimanin 100,000 kuma a Kambodiya. Da yawansu masu ilimi ne, masu jin harsuna, domin irinsu ake nema.

Bai ji daɗi ba. Ya ce ni komai sai na ce damfara ce, ya kashe waya. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Wanda ya daɗe yana tura takardu ba amsa, ranar da aka ce masa "mun zaɓe ka" ba ya son jin wata magana. Mutanen nan sun san haka sarai, shi ya sa suke sa wa'adi gajere, har su ce kada a gaya wa kowa sai an tafi.

Da rana na ba wata abokiyar aikina labarin, ta ce ita ma an taɓa turo mata a WhatsApp: ta riƙa danna alamar so a bidiyon YouTube ana biyanta. Sukan biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba da farko, sai a ce ka zuba naka kuɗin kafin ka cire ribarka. Ba ta bi ta kansu ba.

Bayan magariba shi da kansa ya sake kira. Muka buga sunan kamfanin da hannunmu, ba mu bi mahaɗin da suka turo ba. Kamfanin na nan da gaske, amma a shafinsa na guraben aiki babu wannan gurbi, ba shi ma da ofis a Tailan. Na ce ya nemi mutumin da ya yi masa intabiyu su yi magana ta bidiyo, ya kuma tambaye shi takardar izinin aiki. Mutumin ya fara faɗa, wai ana ɓata masa lokaci, can sai ya toshe shi.

Alhamdulillahi bai tura ko sisi ba. Sai dai ya riga ya tura musu hoton fasfonsa da lambar asusunsa na banki, kuma da irin waɗannan ake buɗe asusun bogi da sunan mutum ko a bi da kuɗin sata ta cikin nasa. Gobe da safe zai je banki ya sanar da su, ya canza kalmar sirrin imel ɗinsa, sannan ya kai rahoto wurin 'yan sanda. Akwai kuma abokinsa da shi ma aka turo masa tallar tun farko, wanda aka ce har ya biya rabin kuɗin. Na karɓi lambar yayan abokin, shi zan fara kira.