Abin da aikin tankin masai ya koya mini: ƙasa ake fara tambaya

A duk abin da ake kashe wa kuɗi a ginin ƙaramin gida, babu wanda ake bari sai ƙarshe kamar tankin masai da sokawe. Sai an yi rufi, an sa tayil, an shafa fenti, aljihu ya yi sanyi, sannan a waiwayo a ce a haƙa rami a bayan gida. Na daɗe ina yi wa masu gini kiyasin kayan aiki da duba aiki a fili, kuma tambayar da aka fi yi mini ba ta wuce guda biyu: yaya girmansa zai kasance, nawa kuma zai ci? Amsar da aikin ya koya mini ba ta yi wa kowa daɗi. Girman tanki zan iya lissafa shi ina zaune. Amma abin da aikin zai ci gaba ɗaya, wannan sai na ga ƙasar filin tukuna.

Tanki da sokawe abu biyu ne, kowanne da aikinsa. Tankin rufaffen ɗaki ne da ruwa ba ya ratsa bangonsa. Ruwan bandaki ya shigo ya natsu, mai nauyi ya kwanta ƙasa, maiƙo da kumfa su taso sama, ƙwayoyin halitta masu rayuwa ba tare da iska ba su yi ta cin dattin suna rage yawansa. Ruwan da ke tsakiya shi ne yake fita. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras ne ya yi rajistar wannan dabara a 1881, kuma har yau tushenta bai canja ba. Sai dai ruwan da ya fito daga tanki ba tsabtatacce ba ne, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ƙasa ce ke ƙarasa aikin, ta hanyar ramin sokawe ko bututu mai huji da aka shimfiɗa cikin tsakuwa. Ke nan rabin wannan tsari, birkila ne ya gina shi, ɗaya rabin kuwa yana nan tun kafin a sayi filin.

Lissafin tankin ba shi da wuya. A ɗauka mutum shida ne a gidan, akwai famfo da shawa da masai na zamani, kowa yana zubar da lita 150 a rana. Lita 900 ke nan. Ana so ruwan ya samu aƙalla kwana ɗaya cikin tanki kafin ya fita, ni kuwa na fi son kwana biyu saboda ranar wanki da ranar baƙi, sai ya zama lita 1,800. Sannan a ƙara wurin da dattin da ya kwanta zai taru. Inda ruwan wanka da na kicin ke haɗuwa da na masai, ana ƙiyasta lita 40 ga kowane mutum a shekara. In ana son a yi shekara huɗu ba a kwashe ba, lita 960 ce. A haɗa, a cike lissafi, an doshi lita 3,000. Dokar gini ta Ingila ta bi wata hanya amma wuri ɗaya ta ɓulla: lita 2,700 ga mutum huɗu, a ƙara lita 180 ga duk wanda ya ƙaru, wato 3,060 ga mutum shida. A fili, wannan na nufin cikin tanki mai faɗin santimita 90, tsawon mita 2.7, zurfin ruwa mita 1.3, da ratar santimita 30 tsakanin ruwa da murfi. A raba shi gida biyu, na farko ya ninka na biyu tsawo.

Inda gardama take tashi shi ne wajen ƙirga mutane. Mai gida zai ce shi da matarsa ne da yaro ɗaya, me za su yi da tankin mutum shida? A yawancin jihohin Amurka ba ma a tambayar mutum nawa ne, ɗakunan kwana ake ƙirgawa, gida mai ɗaki uku a ba shi tankin galan 1,000, kusan lita 3,800. Ina ganin hikimar wannan. Iyali na ƙaruwa, gida kan koma hannun wani, amma tankin da aka binne ba ya girma. Shi ya sa nake ƙirga mutum biyu a kowane ɗakin kwana, ko da mai gida ya ɓata rai.

Kuma ƙara girman bai kai tsadar da ake tsoro ba. In ka ƙara wa tankin can tsawo daga mita 2.7 zuwa 3.6, abin da yake ɗauka ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, amma kewayen bangonsa da kashi ɗaya cikin huɗu kawai ya ƙaru. Bututu, murafen dubawa, kuɗin ɗauko kaya, duk suna nan yadda suke. Wanda ya matse tanki don ya rage bulo kaɗan, zai biya motar kwasa sau da yawa fiye da yadda ya kamata, kuma wannan shi ne ƙaramin hasararsa. Babbar ita ce ruwa ba zai samu lokacin natsuwa ba, datti ya bi shi zuwa sokawe ya toshe ƙofofin ƙasar. Tankin da ya cika ana kwashe shi a yini ɗaya. Ƙasar da ta toshe kuwa sai dai a nemi wani wuri a sake haƙa.

To, ga batun ƙasar. Gwajin da ake yi mata ba ya buƙatar komai sai shebur, bokiti, awo da agogo, amma shi ne abin da aka fi tsallakewa. A daidai zurfin da bututu zai kwanta, a haƙa ƙaramin rami mai santimita 30 ta kowane gefe da zurfin santimita 30. A cika shi da ruwa a bar shi ya kwana, domin busasshiyar ƙasa maƙaryaciya ce, tana shanye ruwa da sauri kamar ba za ta ƙoshi ba. Washegari a sake cikawa, a duba daƙiƙa nawa ruwan ya ɗauka ya sauka daga kashi uku cikin huɗu na ramin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, wato milimita 150. A raba daƙiƙun da 150. A maimaita, a kuma yi a rami fiye da ɗaya, don fili guda kan haɗa ƙasa iri biyu.

Lambar da ta fito ita ce ke yanke hukunci. A ƙa'idar Ingila ana so ta faɗa tsakanin 12 da 100, kuma faɗin wurin tsotsewa shi ne yawan mutane sau wannan lamba sau 0.25. Gidan mutum shida a ƙasa mai rairayi da ta ba da 20 yana buƙatar murabba'in mita 30. Gida irinsa sak a ƙasa mai yumɓu da ta ba da 60 yana buƙatar murabba'in mita 90. Tanki ɗaya, mutane ɗaya, amma haƙa da tsakuwa da bututu sun ninka sau uku. Duk wanda ya faɗa maka kuɗin aiki ta waya bai ga filinka ba, to, ko dai ya yi maka tsada don ya tsira, ko zai dawo neman ciko. In lambar ta wuce 100, ƙasar ba ta shan ruwa, kuma zurfafa rami ba magani ba ne, rijiyar ƙazanta kawai za a samu. In ta yi ƙasa da 12, matsalar ta juye: ruwan na gudu ƙasa bai tsaya an tace shi ba. Mutane kan yi murna da irin wannan ƙasa, suna cewa sokawensu bai taɓa cika ba. Ni idan na ji haka, tambayata ta gaba ita ce ina rijiyar da suke sha take.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ratar aƙalla mita 30 tsakanin wurin tsotsewa da rijiya, wasu dokokin ma 50 suke nema, sannan gindin ramin ya ɗara ruwan ƙarƙashin ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. Wannan awo kuwa na lokacin da ruwa ya fi tasowa ne, ba na rani ba. Idan aiki ya faɗo a rani, nakan leƙa rijiyoyin maƙwabta in tambayi inda ruwa ke kaiwa da damina, in kuma duba launin ƙasar da aka tono. Ƙasa mai toka-toka da ɗigon tsatsa alama ce ruwa na kwana a wurin. A ƙaramin fili, waɗannan ratar su ne kan gagara, musamman in an riga an gina gida an haƙa rijiya. Tun ran gini tun ran zane: wurin sokawe a kan takarda ake fitar da shi, tare da wurin falo.

Wajen kiyasi, abin da ya fi mamayar mai gida shi ne haƙa. Tankin lita 3,000 kubik mita uku ne, sai a zaci ramin ma haka yake. In ka ƙara kaurin bulo, bangon tsakiya, daɓen ƙasa, murfi, da wurin da birkila zai tsaya ya yi filasta ta waje, ramin yakan kai kubik mita 16. Ƙasar da aka fitar kuma sai an san inda za a kai ta. In aka tarar da dutse ko ruwa ya ɓulɓulo ana tsakar haƙa, lissafi ya tashi. Saboda haka nakan ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a gefe, in rubuta a takarda cewa na abin da ke ƙarƙashin ƙasa ne, kada a taɓa shi don sayen wani abu.

Akwai wuraren da ban yarda a rage ba ko da kuɗi sun yi kaɗan. Rodin murfi na ciki, domin murfin da ya rufta da mutum ba a gyara abin da ya jawo. Haka filastar ciki, a cika tankin da ruwa a bar shi kwana ɗaya a ga ko ya ragu kafin a mayar da ƙasa. Sai mahaɗin bututu mai siffar T a mashiga da mafita, ɗan abu mara tsada wanda shi ke hana kumfa da maiƙo wucewa sokawe, kuma shi ne birkila ya fi mantawa. Mafita ta yi ƙasa da mashiga da kamar santimita 7, bututun da ya taho daga gida ya gangara santimita ɗaya a kowace 40, a sa bututun fitar da iska ya wuce rufi. Ruwan sama na indararo kuwa kada ya kusanci tankin. Ado a saman murfi, wannan ana iya haƙura da shi.

Kuɗin da ba ya shiga kiyasin kowa shi ne na kwasa. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a kwashe tankin gida duk shekara uku zuwa biyar, amma sandar da ake zurawa a auna dattin ta fi kalanda faɗin gaskiya: in dattin da ya kwanta ya kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwa, lokaci ya yi. Don haka motar kwasa ta samu hanyar matsowa, kada nisa ya wuce mita 30, kuma kowane ɓangare na tankin ya samu murfin da ake ɗagawa ba sai an fasa daɓe ba. Kada kuma a bar kowa ya sauka ciki, ko da tankin ya yi kamar babu komai. Iskar da ke taruwa a wurin tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, sau da yawa har da wanda ya shiga ceto.

Abu na ƙarshe da nake miƙa wa mai gida bayan an gama shi ne takarda ɗaya mai zanen inda tanki, murafe da sokawe suke, da awonsu daga kusurwa biyu na ginin, da sakamakon gwajin ƙasar da ranar da aka fara amfani da shi. Nakan ce ya ajiye ta tare da takardun fili, saboda wanda zai zo kwasa bayan shekara huɗu ba lallai ne ya san wanda ya gina ba.