Tifar yashin da ta sa na rushe ginshiƙai shida

Da daminar bara na fara zuba kankaren ginshiƙan gidana a bayan garin Zariya, kuma har yau idan na tuna tifar yashin nan sai raina ya ɓaci, domin ta fuskar awo ban yi sakaci ba. Injiniya ya rubuta mini 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya mai kilo 50, wanda ke cika kwanon gini biyu, sai kwano huɗu na yashi da kwano takwas na tsakuwa. Na tsaya a kan leburori ina ƙirga kowane kwano, na hana su awo da baro saboda kowa yadda ya ga dama yake tula shi, na kuma hana ruwa ya wuce kimanin lita 25 a kowane buhu, duk da ƙorafin da suka riƙa yi cewa kwaɓin ya yi tauri.

Yashin ne kawai ban duba ba. Wani direba ya kawo mini shi da rahusa, ni kuwa arahar ta rufe mini ido. Tsohon birkilana ya ɗebi kaɗan ya dunƙule a tafinsa, da ya buɗe hannu sai ga shi ya tsaya curi guda, ya bar masa jan shafi a yatsu. Ya ce, "Alhaji, wannan akwai laka a ciki." Na ce masa ai laimar ruwan sama ce, a ci gaba da aiki. Bai sake cewa uffan ba.

Ranar da kafinta ya cire katako, gefen ginshiƙan ya fara zubowa, kuma bayan mako biyu ana ba su ruwa safe da yamma, ƙusa ma tana kankare su. Da injiniya ya zo bai tambaye ni awo ba, kwalba ya nema. Ya zuba yashin zuwa rabi, ya ƙara ruwa da ɗan gishiri, ya girgiza sosai ya ajiye a inuwa. Bayan awa uku yashin ya kwanta a ƙasa, laka kuma ta hau kansa da kaurin da ya kusa yatsa guda. Ya ce shi ba ya karɓar yashin da lakarsa ta wuce kashi 6 cikin 100, nawa kuwa ya ninka haka, domin laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta, sannan ta shanye ruwan kwaɓi. Ya ƙara da cewa yashi mai laima kumbura yake yi, don haka kwano huɗun da nake ta ƙirgawa da alfahari ma ba su kai huɗu na busasshe ba.

Ginshiƙai shida muka farfasa da guduma. Rodin ya tsira, amma kusan buhu bakwai na siminti da tsakuwarsu da kuɗin aiki sun tafi, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne an faɗa mini tun yashin yana tafin hannun mutum, na ƙi ji. Ragowar tifar ciko muka yi da ita a ƙarƙashin daɓen ɗakuna.

Direban da ya kawo tifa ta gaba sai da ya jira awa uku a bakin fili, kwalba na ajiye a kan bulo, birkilan nan kuma shi ya ɗaga ta ya duba kafin na ce a juye.