Aka ce injin ya buga, ashe notunan fulawil ne suka kwance

Motata Toyota Camry ce ƙirar 2005, mai injin 2.4 da giyar otomatik. An sauke mata giya don a canja oyil-sil ɗin bayan injin da yake yoyon baƙin mai, ba a jima da wannan aikin ba ta soma wata ƙara daga ƙasa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ƙarfe na dukan ƙarfe. Bakaniken da na fara kai wa ko sunkuyawa bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, metal ne. Ko a sauke a kai kirankishaf gurza, ko ka nemi injin Beljiyam." Metal shi ne siririn ƙarfen da ke tsakanin hannun fistin da kirankishaf, wato sandar da fistin ke juya ta a cikin injin.

Hankalina ya tashi, amma maganar ba ta kwanta mini ba, saboda halin ƙarar. Idan motar tana sulo a P ko N, nan take fi fitowa. Ina taka birki na sa ta a D, sai ƙarar ta yi ƙasa sosai, wani lokacin ta ɗauke ɗif. A kan titi ba na jin komai. Metal da ya cinye ba haka yake yi ba: kana ba shi wuta yana ƙara kuka, musamman in baƙin mai ya yi zafi ya tsinke, sau da yawa kuma fitilar mai takan riƙa ƙiftawa a sulo. Tawa fitilar ba ta taɓa kamawa ba.

Na kai ta wurin wani dattijon bakanike da na daɗe da sani, na ce, "Baba, kafin a kwance komai ina so mu saurare ta tukuna." Ya ce abin da ya kamata ke nan. Muka bar ta tana sulo, yana zare wayar kwayil, mai ba kowane fulogi wuta, ɗaya bayan ɗaya. In metal ɗin wani fistin ne ya mutu, da zarar an hana wannan fistin wuta ƙarar takan ragu, domin babu sauran bugun da ke danna shi. Duka huɗun muka bi, injin yana rawa kamar yadda ya kamata, ƙarar tana nan yadda take. Muka tsiyayi baƙin mai kaɗan a faranti muka duba a rana, babu ƙyalƙyalin garin ƙarfe ko kaɗan. Sai ya ɗauko dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a jikin injin, ƙotar a kunnensa. Saman injin lafiya, kwanon baƙin mai da sauƙi, amma da ya kai mahaɗar injin da giya sai ya miƙo mini ya ce, "Ungo, ji da kanka." Har cikin haƙorana na ji bugun.

A nan fulawil yake. Na motar otomatik ba irin mai kaurin nan na motar kuloci ba ne, siririn farantin ƙarfe ne mai haƙora a gefe inda kik-sitata ke kamawa. Tsakiyarsa notuna 8 sun ɗaure shi da kirankishaf, sannan wasu 6 sun haɗa shi da kwambata, tulun ƙarfen nan mai cike da man giya wanda ke kai ƙarfin injin cikin giya. In waɗannan shida suka yi sako-sako, duk tashin wutar fistin sai farantin ya fizga gaba, kwambata mai nauyi ta biyo baya, notunan su daki bakin raminsu. Da ka sa giya, nauyi ya danne kwambata gefe guda, wasan ya tsaya. Dalilin shirun da nake ji a D ke nan.

Muka cire kan batir, muka ɗaga motar muka tokare ta da kyau, domin ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Akwai ɗan murfi a ƙasan mahaɗar, da an cire shi ana hango farantin. Yaron gareji yana juya injin da sifana ta notin fulin gaba, ni da Baba muna ƙasa da tocila muna jiran kowane noti ya zagayo. Wasu da yatsa ake juya su. Kewayen kawunansu ya goge yana sheƙi, ga jan garin tsatsa, shaidar sun daɗe suna motsi.

Yaron ya so ya ɗaure na farko tamau ya wuce na gaba, Baba ya hana shi. Muka fitar da su, muka duba ramukan farantin ko sun faɗaɗa, muka wanke zaren da fetur ya bushe, muka ɗiga Loctite shuɗi, gam ɗin da ke hana noti kwancewa. A cikin shidan akwai guda da launinsa ya bambanta, shi Toyota ta ce a fara sawa, don shi ke daidaita zaman kwambata. Duka muka sa su da hannu tukuna, sannan aka sake zagayowa da sifana mai awo, kowanne Nm 41 a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Wannan awon shi ne abin da yawancin garejinmu ba su damu da shi ba, sai dai a ja da ƙarfin damtse a ce ya yi, kuma raina yana ɓaci da hakan, don mai mota ne ke biyan kuɗin gangancin. Wani abin da Baba ya ja mini kunne a kai: in noti ya ɓata, kada a ɗauko kowanne daga kwandon tarkace. Wanda ya ɗara tsawo zai tokari jikin kwambata ya lotsa shi, ya lalata kulocin da ke ciki.

Muka mai da murfi da kan batir, na tayar. Sulo sumul, a P da D duka.

Da na ci gaba da hawanta a haka, ramukan za su zama kamar ƙwai, ko farantin ya tsage a kewayen notunan kirankishaf. Tsagaggen faranti ƙararsa kusan iri ɗaya ce, sai dai ɗauri ba ya maganinsa, walda kuma tana ɓata masa daidaito ta jawo jijjiga. Dole a sake sauke giya a sa wani. Shi ya sa kafin mu rufe muka juya injin zagaye guda cur, muna haska farantin ta kowane gefe har inda ido zai iya kaiwa, ba mu ga tsaga ba.