Masu share kogo da matsefata

A waje, idan ka taka ƙasa, ruwan sama zai shafe sawunka. Cikin kogo kuwa babu ruwan sama, babu rana, don haka duk abin da mutum ya bari yana nan sai wani ya zo ya ɗauke. Ɗaukewar ita ce aikin da nake yi da 'yan sa kai masu kula da koguna.

Kayan aikinmu kan ba baƙo dariya: hular kwano mai fitila, safar hannu, buroshin goge baki, matsefata, da robar fesa ruwa. Da matsefatar muke tsince ɓurɓushin zaren tufafi da gashin da maziyarta ke zubarwa ba su sani ba. Na taɓa wuni a durƙushe gaban wani dutse da bai fi tsawon hannuna ba, ina zare masa wannan datti ɗaya bayan ɗaya har gwiwoyina suka yi tsami. A kogon Carlsbad na Amurka ma masu sa kai kan taru musamman domin wannan tsinta, saboda ƙwayoyin cuta na samun abinci a jikin zaren.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kame hannu. Duwatsun nan da ke tsirowa daga rufi, ɗigon ruwa ne ke gina su, galibi ba sa ƙara ko milimita ɗaya a shekara. Maiƙon tafin hannu kaɗai ya isa ya ɓata su. Shi ya sa muke shimfiɗa zare mai launi a ƙasa, kowa ya bi sawun na gabansa. Gogewar ma ba a yin ta da gaggawa. Fentin 'yan yawon buɗe ido muna kankare shi, amma rubutun da ya tsufa sai masana sun duba, domin ta yiwu tarihi ne. Kogon Lascaux na Faransa, wanda aka gano a 1940, dole aka rufe shi a 1963 bayan numfashin jama'a da gansakuka sun fara cin zanen mutanen da.

Sai jemagu. Tun 2006 wata fumfuna mai sa musu farin hanci ta kashe miliyoyinsu a Arewacin Amurka, kuma takalmi ko igiya na iya kai ta wani kogon. Wankin kaya bayan an fito ba ya da daɗi, ga gajiya ga laka, amma ba mai tsallake shi.

Mutane kan ce muna da rowa saboda ba ma faɗin inda wasu koguna suke. Ni dai na goyi bayan wannan rowar tun da na ga kogon da aka yaɗa hotonsa a intanet: mun fito da buhunan gwangwani da batura, duwatsun da aka karya kuwa wasu ko da gam ba su haɗu ba.