Abin da mai gidan bulo ya gano a Palm Springs

Shekara goma sha huɗu ke nan ina riƙe da gidan bulo a Kano, da inji guda da ma'aikata tara, kuma kusan duk abin da muke bugawa inci shida ne da inci tara. Bulo mai huji na ado, wanda magina ke kira fansi, sai mu yi wata ba a tambaye shi ba, har mazubinsa na ƙarfe ya yi tsatsa a bayan sito. Ban ɗauke shi da wata daraja ba sai da na ziyarci ƙanena a Los Angeles ta ƙasar Amurka cikin watan Fabrairu, ya ce lallai in zo ya kai ni wani gari da ake girmama irin kayana.

Palm Springs yana cikin hamadar kudancin Kalifoniya, tafiyar kimanin awa biyu a mota gabas da Los Angeles, a gindin dutsen San Jacinto wanda tsayinsa ya haura mita 3,000. Mun dace da makon baje kolin gine-gine da ake yi a garin kowace Fabrairu tun 2006, lokacin da masu gidajen shekarun 1950 da 1960 ke buɗe ƙofofinsu ga baƙi. Mun wuce ta gaban gidan Kaufmann da Richard Neutra ya zana a 1946, muka kuma tsaya a tsohon gidan man da Albert Frey da abokin aikinsa suka zana, wanda aka gama a 1965, yanzu ya zama ofishin karɓar baƙi. Jama'a na ɗaukar hoton rufinsa mai tashi sama kamar fiffike, ni kuwa hankalina na kan katangu.

A unguwar Twin Palms na fi daɗewa. Gidajenta kamfanin Alexander ne ya gina bisa zanen William Krisel, kuma wannan kamfani ya gina gidaje sama da 2,000 a yankin kafin 1965, domin masu matsakaicin ƙarfi. A gaban wani gida na tsaya kusa da katangar fansi, na zura hannu cikin hujin, na ji iska na wucewa, alhali rana na dukan ɗaya fuskar. An ja katangar nesa kaɗan da bangon ɗaki, saboda haka ita ke shan rana, bangon kuma yana cikin inuwa. Na duba gefen bulon da kyau, na ga bayan shekara sittin kusurwoyinsa na nan a tsaye, ba su marmashe ba. Duk wanda ya taɓa buga bulo ya san ma'anar wannan: yashi mai laushi ne da aka tankaɗe, siminti bai yi ƙaranci ba, an kuma ba shi ruwa yadda ya kamata kafin a ɗauke shi. Mu kam, da zarar mai gini ya matsa, sai a loda masa bulon kwana biyu, daga baya ya dawo yana ƙorafin ya farfashe a mota.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda gidajen suke juya wa titi baya. Tagoginsu na gaba ƙanana ne, can sama ƙarƙashin rufi, haske na shiga amma mai wucewa ba ya ganin ciki, rayuwar gidan kuma duk tana baya. Na ce wa ƙanena ai wannan tsarin zaure da tsakar gida ne, sai dai su tafkin wanka suka sa a inda muke shanya. Manyan bangayen gilashin da ke bayan kuwa ban yaba su ba. A garin da zafi ke wuce digiri 45 da bazara, gilashi irin wannan sai da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, kuma wanda ya san halin wutarmu da ƙurar hunturu ba zai ba mai gini wannan shawara ba.

Da na dawo, na sa aka kankare tsohon mazubin, na kuma ba wani mai walda zane biyu ya ƙera mini sababbi. Fansi ba ya son gaggawa, da hannu muke buga shi, a ranar da inji zai fitar da ɗaruruwan inci tara mutum biyu ba sa wuce 'yan gommai, kuma wanda ya fito da tsagi sai a mayar da shi cikin kwaɓi. Na gina guntuwar katanga da shi a yammacin ofishina, taku ɗaya daga bango, kuma yanzu idan mai gini ya zo cinikin inci tara bayan azahar, a bayanta nake sa masa kujera. Makon jiya wani alhaji mai gina makarantar islamiyya ya zauna a wurin, bai ce komai ba sai da muka gama lissafi, sannan ya tambayi kuɗin guda ɗari uku.