Idan ƙwayoyi suka tarwatse a kwamfuta: inda ake fara dubawa

Duk mai aiki da LIGGGHTS ko LAMMPS ko Yade, manhajojin kwaikwayon motsin ƙwayoyi a kwamfuta, ya san abin nan: ka zuba ƙwayoyi dubu hamsin a mazurari, komai lafiya lau, can bayan takin lissafi ɗari biyu sai su watse kamar an jefa dutse cikin garken tsuntsaye. LAMMPS ta rubuta "Lost atoms" ta tsaya. Da wuya laifin ya zama na manhaja. Wani kuzari ne ya shigo lissafin ta ƙofar baya, aikinka kuwa gano ƙofar.

A hanyar da Cundall da Strack suka shimfiɗa a 1979, ana barin ƙwayoyi su ɗan shiga jikin juna, sannan a lissafa ƙarfin da zai tura su baya gwargwadon zurfin shigar, tamkar akwai sifirin a tsakaninsu. Shigar ta yi zurfi, turin ya yi muni. Kusan kowace tarwatsewa daga nan take.

Wanda ake fara tuhuma shi ne takin lokaci, wato ɗan lokacin da manhaja ke tsallakawa daga lissafi ɗaya zuwa na gaba. In ya yi tsawo, ƙwaya kan nutse cikin 'yar'uwarta a taki ɗaya kafin sifirin ya ankara, sai ta fito da gudun da ya fi wanda ta shiga da shi. Ma'aunin da aka saba shi ne lokacin Rayleigh, wato lokacin da girgiza ke ɗauka ta bi saman ƙwaya daga wannan gefe zuwa wancan. Ɗauki ƙwayar gilas mai rabin faɗi milimita 1, nauyi kilo 2,500 a kowace mita kubik, taurin Young (ma'aunin taurin abu) gigafaskal 63: lokacin Rayleigh ɗinta bai wuce maikrosakan 1 da kaɗan ba (maikrosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa). Ana ɗaukar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na wannan, wato kamar maikrosakan 0.2, taki miliyan 5 ke nan kafin a samu daƙiƙa ɗaya tak. Kuma ƙwaya mafi ƙanƙanta ce ke yanke hukunci, ba matsakaiciya ba. Ka ƙara 'yan mitsi-mitsi masu rabin girman sauran, dole takin ya ragu da rabi, ko da guda goma ne kacal a cikin dubbai. A nan mutane suka fi zamewa: a canza rabon girma, a bar takin jiya. LIGGGHTS tana da umarnin fix check/timestep/gran mai nuna kashi nawa na lokacin Rayleigh da na Hertz (tsawon lokacin karo ɗaya) kake ci. A kunna shi tun farko.

Saboda tsadar lissafi ne ake sassauta taurin. In aka sauke shi zuwa megafaskal 10, takin zai iya ninkawa kusan sau 80, domin yana ƙaruwa ne gwargwadon raguwar tushen murabba'in taurin. Dabara ce mai kyau ga ƙwayoyi masu kwarara a sake. Amma a ƙasan rumbu mai zurfi, ko inda ake matse gari, ƙwayoyin sukan lotse fiye da kima, sakamakon ya zama ƙarya mai kyan gani. A riƙa fitar da shiga mafi zurfi. Ta haura kashi 1 cikin ɗari na faɗin ƙwaya, a mayar da tauri.

Idan kuwa tun takin farko abin ya fashe, bar batun lokaci tukuna. An haifi ƙwayoyi ne a cikin juna, ko a cikin bango. A buɗe hoton taki na sifili a ParaView, manhajar kallon sakamako, a duba da ido. Maganinsa zubawa sannu a hankali daga sama, ko a fara da ƙwayoyi ƙanana a kumbura su kaɗan-kaɗan.

Sai awo. Fayil ɗin STL, wanda ake ajiye zanen mazurari ko bango a ciki, ba ya ɗauke da ma'auni. An zana mazurari da milimita, manhaja ta karanta da mita, ya ninka girmansa sau 1,000. Abin kunya ne, amma yana cin kwanaki.

Ƙwayoyi masu ratsa juna ko bango ba tare da karo ba, galibi jerin maƙwabta ne, wato jerin ƙwayoyin da manhaja ke sa ran za su taɓa juna, bai sabunta da wuri ba. A sa jinkirin sabuntawa ya zama sifili, a faɗaɗa tazarar kariya da ake ƙarawa wajen neman maƙwabta, a kuma duba adadin "Dangerous builds" a ƙarshen rahoto. Ya kamata ya zama 0.

Abin da na fi ƙi shi ne a ƙara birkin da ke shanye motsi don tsibin ya natsu. Zai natsu, amma an rufe tukunya ne tana tafasa, kusurwar tsibi da saurin kwarara duk sun gurɓace. Gara a koma gwaji mafi sauƙi: ƙwaya ɗaya, a sake ta daga santimita 10 a kan faranti. Idan ma'aunin dawowa 0.5 ne, wato tana dawowa da rabin gudun da ta faɗo da shi, ya kamata ta tashi santimita 2.5, domin tsayin yana bin murabba'in ma'aunin. Ta wuce haka, a raba takin biyu a sake. Daga nan a koma ƙwayoyi ɗari, ana zana jimillar kuzarin motsi: bayan an gama zuba dole layin ya riƙa gangarowa, kuma takin da ya yi tsalle sama shi ne za a buɗe a nemo ƙwayar da ta fi kowa gudu, a ga me ta taɓa.