A Jidda da dare ake yawon Sallah

Ƙaramar Sallar 2025, wadda ta faɗo Lahadi 30 ga Maris, ita ce ta farko da muka yi a Jidda, kuma na ɗaura ɗamarar sai yarana sun yi yawon Sallah irin wanda muka taso da shi a Kano: a ci kwalliya, a bi gidajen dangi, a dawo a zube kuɗi a tabarma ana ƙirge.

Idi ya tafi lafiya, don Abbansu ya gaya mini nan rana na ɗagowa kaɗan ake tayar da sallah, kafin bakwai an watse. Yara suka dawo aljihu cike da alawa da cakulan da ake rabawa a ƙofar masallaci. Abin da bai gaya mini ba, duk daɗewarsa a garin, shi ne da an karya kowa kwanciya yake yi. An saba raya dare a azumi, daren Sallah kuma ana kasuwa da wurin aski har asuba. Shi ma ya ci tuwonsa ya ja ƙofa.

Ni kuwa sha ɗaya na safe na kwashi yara, shadda na ɗaukar ido, lalle ya kama, kular funkaso a hannu, muka ɗauki tasi zuwa Karantina wurin 'yan uwa. Titi wayam, shaguna a rufe. Na danna ƙararrawa, shiru. Gida na gaba ma shiru. Ga rana, ga ɗanɗanon teku yana manna wa mutum kaya a jiki. Autana ya fara kukan takalmi ya matse shi, babbar kuma ta ce, "Umma, fushi suke yi da mu?" Wannan tambayar ta fi kuɗin tasin ci mini rai, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne.

Daga ƙarshe wata Hajiya, Bahaushiya haifaffiyar Makka, ta buɗe da idon barci. "Ke 'yar nan, lafiya? Wa ya rasu?" Da ta ji zancen ta yi dariya har da riƙe ciki, ta zuba wa yaran dabyaza, abin zaƙin nan na mutanen Hijaz da ake dafawa da kamaruddin, wato busasshen kwaɓin apricot, da busassun 'ya'yan itace da su almon. Ta ce, "Ku je ku kwanta, ku dawo bayan isha."

Haka kuwa aka yi. Bayan magariba gari ya farka, ƙofofin da suka ƙi buɗuwa suka cika da baƙi, ana miƙa wa yara idiyya, sababbin riyal biyar da goma. Muka wuce Kornish, wurin shaƙatawa na bakin teku, kallon wasan wuta, ga ruwan Sarki Fahad, wanda ake fesowa daga cikin teku, yana tashi sama da mita 300. Amma autan da aka yi fitar dominsa yana kafaɗata yana minshari, ranar safe ta gama da shi. Bai ga komai ba.

Don haka, mai yara, da kun dawo Idi a ci abinci a tuɓe kayan Sallah a rataye, a rufe labule, kowa ya kwanta ko da rigima. Girkin baƙi a bar shi sai la'asar. Sababbin kuɗi a nema tun kafin bankuna su tafi hutu. Mai niyyar Kornish ta fita da wuri, don cunkoso yana iya riƙe mota har a gama wasan. Idi a Harami kuwa, ko da jirgin ƙasan Haramaini ya sauƙaƙa hanyar tun 2018, sai an shiga kafin asuba ake samun wuri, kuma ni dai ba zan kai ƙaramin yaro cikin turmutsitsin nan ba.

Da na yi wa Abbansu ƙorafi da daddare, cewa ya yi, "Ai na zaci kin sani."